Muryar Inna Kulu a Gaban Alƙali

Sunan ƙasar ba zan faɗa ba. Akwai mutanen da suka yi mini alheri da har yanzu suke zaune a cikinta, kuma na ga yadda ake bin sawun magana a can. Abin da zan iya cewa shi ne ƙasa ce mai sanyin da ke shiga ƙashi, kuma na je ta ne ƙaro karatun ungozoma, bayan na yi shekaru ina karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti a Daura.

Wanda ya tare ni a filin jirgi Lawal ne, mutumin Dutsi, mijin Rabi 'yar Inna Kulu ta lungunmu. Inna Kulu ce da kanta ta haɗa ni da shi. Ba ta ambaci sunansa ba, tunda Rabi 'yar fari ce, ita kanta ba ta kiran sunanta balle na mijinta. Cewa ta yi, "'Yar Malam, in kin sauka mijin waccan yana nan, zai riƙe ki." Na san Lawal tun ina yarinya. Na sha ganinsa yana sauka daga babur tun daga bakin lungu in ya hango surukarsa, ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ya durƙusa a ƙofar zaure kansa a ƙasa yana gaisuwa, ita kuma ta ja mayafi tana amsawa daga bayan katanga. Mu yaran unguwa har kwaikwayonsa muke yi. To wannan mutumin ne na tarar cikin doguwar kwat da hular gashi, yana zuba yaren ƙasar kamar a nan aka yanke masa cibiya.

Tun kafin mu fita daga filin jirgin ya yi mini ta farko. Ya leƙa jakata ya ga kuka da daddawa da yaji da kilishi, sai ya dafe kai ya ce, "Hajara, Allah ya rufa miki asiri ba su gani ba. Waɗannan duk an hana shigowa da su. Kawo in san yadda zan yi in zubar." Na miƙa masa har ina godiya. Bayan 'yan makonni ya gayyaci Hausawan garin cin abinci a gidansa, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Ina kai loma ta farko na gane daddawar Umma ce, domin babu mai yin irinta. Na ci na ƙoshi, na ce masa Allah ya ƙara buɗi.

A mota kuwa, daga filin jirgi zuwa masauki, bakinsa bai huta ba. Kafin mu isa na san wane ne ya faɗi jarrabawa yake ɓoye wa iyayensa, wane ne ya auri baturiya a asirce, wace ce ta rabu da mijinta ba a sani a gida ba. Mutanen da ban taɓa gani ba duk ya tuɓe mini su. Ina jinsa ina murmushi, a raina kuwa na ƙudurta cewa wannan ko ciwon kai ba zai ji daga bakina ba. Da na tambaye shi aikinsa sai ya ce tafinta yake yi a ofisoshi, ya canza magana.

Zangona na farko wani ɗaki ne a ƙasan bene, wanda ya ce ya sha wahala kafin ya samo mini. Rabinsa cike yake da kwalayen takalma da yake sayarwa, na'urar ɗumama ɗakin kuma sai ta ga dama take aiki. Ashe mai gadin kaya ya samu. Nakan kwanta da safa da hijabi da bargo, ina kallon ƙafafun mutane suna wucewa ta 'yar tagar da ke daidai da titi. A ɗakin nan na yi kukan gida sosai. Ba wani babban abu nake kewa ba, ƙarar daka da safe, da kiran sallar masallacin lungunmu, da furar da Umma take damawa in na dawo daga aiki. Ranar Laraba in ta zo sai in tuna yau kasuwa ke ci a gida, motocin dabbobi suna ta wucewa, ni kuwa ina nan ko akuya ban gani ba tun da na zo.

Zango na biyu shi ne gidan wata tsohuwa da na haɗu da ita a asibitin da muke koyon aiki. Ta zo ganin likita, na taimaka mata ta ɗaura takalminta, muka gaisa da ɗan Turancin da take ji. Da ta ji inda nake kwana sai ta ce tana da ɗaki babu kowa. Sunanta ya gagari harshena, ga shi ba ta rabuwa da sigari, sai na raɗa mata Goggo Mai Taba. Da na fassara mata ta yi dariya har ta yi tari.

Goggo tana da wata ɗabi'a da na ɗauka tsufa ne. Duk lokacin da za mu yi hira mai ɗan nauyi, sai ta karɓi wayata ta haɗa da tata ta saka a tukunya ta rufe, ta kai kicin, sannan ta dawo ta zauna. Na tambaye ta dalili. Ta ce a ƙuruciyarta maƙwabci ne yake kai rahoton maƙwabci, yanzu kuwa an huta da biyan maƙwabci, kowa ya sayi nasa ya saka a aljihu. Ta ce akwai dokar da ta ba jami'an tsaro damar duba saƙonni da kwamfutocin mutane, musamman baƙi. Na ce, "Goggo, ni me nake da shi da za a duba?" Ta busa hayaƙi ta kalle ni.

Ashe ina da shi, kuma ba nawa ba ne.

Tun ina Daura mata sun saba zuwa wurina da abin da ba za su iya faɗa wa likita namiji ba. Da na tafi ba su daina ba, sai suka koma turo saƙon murya. Yawancinsu ba su da waya. Aro suke yi, wurin ƙane ko ɗa ko ɗan miji, su shiga ɗaki su rufe ƙofa su faɗi abin da ke damunsu, su jira amsata, sannan su goge su mayar da wayar. Mazan nan kuwa da yawansu fataken dabbobi ne, yau suna Mai'aduwa gobe sun ƙetare iyaka ta Kongolam, kowa da layin Nijar a aljihu. Ni a wurina ba na gogewa. Ungozoma ba ta aiki da mantuwa, dole in tuna abin da mace ta ce wancan watan kafin in ba ta shawarar wannan. Sai nake kwashe saƙonnin ina adanawa a kwamfutata, a wani wuri da wata 'yar ajinmu ta koya mini kullewa da lambar sirri.

Abin da ke ciki ba na wasa ba ne. Akwai mai shan maganin tazarar haihuwa dangin miji ba su sani ba. Akwai wadda ta yi ɓari ta ɓoye. Akwai wadda ta gano matsalar rashin haihuwar ba daga gare ta take ba, ta zaɓi ta rufa wa mijinta asiri. Ɗaya daga cikin waɗannan in ta fita a Daura, gida zai iya mutuwa. Sannan akwai Inna Kulu, wadda take aron wayar ɗanta Sale mai fataucin shanu. Lalura ce irin ta mata ta same ta da tsufa, ta daɗe tana fama, ko 'ya'yanta ba ta faɗa wa ba. Ko a nan ba zan faɗi ko mece ce ba.

Alamar farko daga bakin Lawal ta fito. Mun haɗu bayan sallar Juma'a ya ce, "Ya ƙafar Malam? An ce kumburin ya dawo." Na amsa da sauƙi, na wuce. Sai da na hau motar haya gabana ya faɗi. Maganar ƙafar Babanmu ni da yayana kaɗai muka yi ta, a rubuce, ta imel, kuma mun yi alkawarin ko Umma ba za a gaya wa ba tukuna. Na yi ta juya abin a raina har na isa gida, na ce wataƙila yayana ne ya yi suɓul da baka.

Ba a jima ba suka zo. Da rana tsaka ne, mun fito daga aji, maza biyu cikin kayan gida suka nuna mini katin jami'an tsaro suka ce in biyo su da jakata. Suka karɓi kwamfuta da waya. Aka kai ni wani ofis mai tsabta, har da ba ni shayi. Babbansu mutum ne mai sanyin magana, kunnuwansa jajaye kamar an murza, shi ya sa har yau in zan ba da labarin nake ce masa Mai Jan Kunne.

Ya ce da Turanci, "Daga yankin da ake shari'ar Musulunci kike, ko?"

Na ce, "Daga nan nake."

Ya juyo mini da allon kwamfutarsa. Taswirar ƙasarmu ce, ga Daura, ga Kongolam, ga ɗige-ɗige ja sun cika bakin iyaka. Ya ce su suna ganin wanda ya turo saƙo da inda ya turo, amma ba sa jin abin da ke ciki, domin manhajar a kulle take. Abin da suka gani shi ne maza masu yawa, masu yawan ƙetare iyaka da layukan ƙasa biyu, suna turo wa ɗaliba ɗaya saƙon murya, kuma kowane saƙo ana goge shi daga can da zarar an amsa. Ya ce, "Ke da kanki, in ke ce ni, me za ki zata?"

Gaskiya da ni ce shi, da na yi zargi. Na yi masa bayanin aron waya tiryan-tiryan. Ya saurara da kyau, ya ce to abu ya yi sauƙi, in ba su lambar sirrin, tafintansu ya saurara, in haka ne a sallame ni. Ya danna ƙararrawa, ƙofa ta buɗe, Lawal ya shigo da fayil a hammata.

Ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Tsoro ne da takaici suka haɗu, na ajiye kofin shayin. Mutumin da ya tuɓe mini Hausawan gari guda a cikin mota, shi za a sa wa muryoyin matan unguwarmu a kunne, matan da ya san mazansu, ya san iyayensu, yake zuwa gari duk shekara yana zama a majalisa. Shi kuwa ya kasa haɗa ido da ni.

Na ce wa Mai Jan Kunne ba zan bayar ba.

Ya ce, "In ba ki da abin ɓoyewa, me ya hana?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, gidanmu babu kayan sata, amma muna da katanga, muna da zaure. Baƙo yakan tsaya a zaure ya yi sallama, in ba a ce ya shigo ba ya juya. Ka tambaye ni shari'a. Babana malami ne, kuma abin da na fara ji a zaurensa shi ne haramun ne leƙa gidan mutum, haramun ne bin diddigin asirinsa. Abin da ke cikin kwamfutar nan amanar marasa lafiya ce."

Bai yi fushi ba. Ya ce shi ma yana da amana, ta mutanen da ke hawa jirgin ƙasa da safe suna son su koma gida lafiya, kuma ya taɓa ganin abin da sakaci ya jawo. Na yarda da shi a nan, domin mu ma a gida mun san abin da masu bindiga suke yi wa ƙauyuka. Amma ya rufe da cewa in ban bayar ba kafin lokacin sabunta takardar zamana, ba za a sabunta ba. Lokacin kuwa yana gaban jarrabawar ƙarshe da kaɗan. Ma'ana in tattara in koma Daura hannu rabbana, bayan duk sanyin da na sha.

A bakin ƙofa Lawal ya biyo ni yana rage murya.

"Hajara, ki ba su kawai. Mutanen nan ba a ja da su. Ni zan saurara, ai na gida ne."

Na ce, "Abin da ya sa ba zan bayar ba ke nan, Yaya Lawal. Ya ƙafar Malam?"

Na wuce na bar shi a tsaye.

Da na isa gida Goggo Mai Taba ta ga fuskata, ta miƙo hannu don karɓar waya ta saka a tukunya, na ce yau babu. Ta zauna ta ji labarin duka. Ban taɓa ganin ta bar sigari ya cinye kansa a hannunta ba sai ranar. Washegari ta sa kwat ɗinta mai kyau ta ja ni zuwa wurin ɗan ƙanwarta, lauya ne, siriri mai yawan atishawa, wanda in ka gan shi ba za ka ba shi ajiyar kaza ba. Shi ya gaya mini abin da Mai Jan Kunne bai faɗa ba. Dokar ta ba su damar karɓar na'ura, amma tilasta mutum ya buɗe abin da ya shafi sirrin marasa lafiya sai da izinin alƙali. Ya ce ba kasafai baƙi suke kai maganar gaban alƙali ba, tsoro suke ji. Ya tambaye ni ko ina jin tsoro. Na ce ina ji, amma a kai.

Zaman jiran nan shi ne zango mafi wuya. Babu kwamfuta, babu waya, karatu sai a ɗakin karatu na makaranta. Hausawan garin suka janye jiki, wanda muke gaisawa da fara'a sai ya hango ni ya tsallaka titi. Ban ga laifinsu ba, kowa takardar zamansa yake ji. Na kira yayana da wayar gidan Goggo na ce ya sa matarsa ta zaga ta gaya wa mata Nas, kamar yadda suke kirana, ta ce a dakata da aike, waya ta samu matsala. Wasu ranakun nakan ce wa kaina, wai ke Hajara wa ya aike ki, ki bayar mana ki huta. Sai in tuna yadda suke rage murya in sun zo kan maganar, wata har ana jin numfashinta don kusancin bakinta da wayar. Goggo kuwa kullum sai ta dafa mini wata miyar kabeji marar gishiri ta tsaya a kaina sai na shanye.

Ranar zama, ba babban ɗakin kotu ba ne, ofishin alƙali ne da dogon teburi. Alƙalin mace ce mai furfura da tabarau a kan hanci. Ga Mai Jan Kunne, ga Lawal da kwat da takalmi mai sheƙi, ga ni da lauyana yana ta atishawa, ga kwamfutata a tsakiya cikin leda mai hatimi. Aka yi ta muhawara da yarensu, lauya yana juya mini da Turanci a hankali. Daga ƙarshe alƙali ta ce ba za ta ba da izinin buɗe duka ba, kuma ba za ta sallami maganar haka kawai ba. Za a saurari saƙo ɗaya a gabanta. Jami'in ya kawo lambobin da ya fi zargi, ni kuma in zaɓi ɗaya daga cikinsu.

Ko wanne na zaɓa, asirin wata ne. Aka turo mini lambobin ina dubawa, ina ganin fuskokin masu su. Sai idona ya sauka kan layin Nijar na Sale.

Na san saƙonnin Inna Kulu kamar yadda na san tafin hannuna. Ba ta taɓa shiga magana ba sai ta gama gaisuwa, kuma gaisuwarta doguwa ce ko a ma'aunin Daura. Na ɗaga kai na kalli Lawal. Na tuna shi a bakin lungu da takalmi a hannu. Shekaru sun wuce, ya sha ruwan wata ƙasa, ya ci kukata, ya karanta wasiƙun mutane ya ci abinci da su. Ban sani ba ko akwai sauran wancan mutumin a cikin kwat ɗin nan. In babu, to na kai tsohuwar da ta yarda da ni na tsiraita ta a gaban surukinta, kuma da hannuna. Na yi bismillah a zuci, na ɗora yatsa a kan lambar.

Aka yanke hatimi. Na juya allon yadda ba mai ganin yatsuna, na buɗe, na ƙara sauti, na danna.

Da farko zakara ne ya yi cara, sai ƙarar turmi daga nesa. Sannan muryarta ta cika ofishin.

"Salamu alaikum, 'yar Malam. Kin kwana lafiya? Ya gajiya? Ya baƙunta? Ya sanyin da ake faɗa? Ya karatu? To madalla, Allah ya ba da sa'a."

Lawal ya riga ya buɗe baki zai fara fassara. Bakin ya tsaya a buɗe. Na ga alƙalamin da ke hannunsa ya sauka a kan teburi.

"Mutan gidanku duk lafiya, jiya ma na leƙa Ummanku. An yi ruwa, gero ya yi kyau. Ya mutanen da kike zaune da su? Ki gaishe da tsohuwar nan mai masaukinki, Allah ya saka mata."

Mai Jan Kunne ya yi wa Lawal magana a gajarce, alamar ya fassara. Lawal bai ko kalle shi ba. Ni kuwa ina ƙirga gaisuwar a raina, na san saura kaɗan ta ƙare, yatsana yana kusa da madannin amma an ce kada in taɓa.

"Ya mijin waccan? Kina ganinsa dai ko? Ki gaishe shi da kyau. Ki ce ina sa masa albarka yadda ya riƙe ki, Allah ya yi masa albarka, ya rufa masa asiri duniya da lahira."

Sai na ji ƙarar kujera. Lawal ya zame ƙasa. Ya cire takalman nan masu sheƙi ya riƙe a hannu, ya durƙusa a kan kafet ɗin alƙali, kansa a sunkuye, daidai yadda yake yi a ƙofar zaure. A hankali na ji ya ce, "Amin, Inna."

Muryar ta ragu. "To, 'yar Malam, matso da kunnenki. Maganar nan da ko 'ya'yana ban faɗa wa ba..."

Lawal ya ɗaga hannu ya yi magana da yarensu da ƙarfi, kalma ɗaya, ya maimaita. Alƙali ta yi mini alama, na danna. Muryar ta tsaya.

Abin da ya biyo baya lauya ne ya fassara mini. Alƙali ta tambayi tafinta ko lafiya, me ya kai shi ƙasa. Ya ce wannan muryar uwar matarsa ce. Ya ce a wurinmu mutum ba ya zama a kujera surukarsa tana magana, balle ya saurari abin da ya shafi jikinta, kuma in za a kore shi a kore shi, kunnensa ba zai ji ba. Mai Jan Kunne ya ce ai aikinsa ne, an ɗauke shi don haka. Lawal ya ce ya sani. Sannan, yana durƙushe, ya yi musu bayanin aron waya fiye da yadda na yi, ya ce lambar ta ƙanen matarsa ce mai sayar da shanu, kuma ya san sauran ma haka suke, tun farko ya sani, tsoron rasa aiki ya hana shi faɗa.

Alƙali ta cire tabarau ta daɗe tana kallonsa. Ta tambayi jami'in ko ban da lambobin waya yana da wata hujja. Ya ce babu. Ta ce to ita abin da ta ji tsohuwa ce da zakara, kuma shaidar da ta wanke wadda ake zargi daga bakin ma'aikacinsu ta fito. Ta ba da umarni a mayar mini da kayana a ranar, kada a kwafi komai, kada kuma a taɓa takardar zamana a kan wannan magana. Lauyana ya yi atishawa mai ƙarfi, ya ce mini mun ci.

Mai Jan Kunne ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini shi aikinsa ya yi. Na ce na sani, ni ma nawa na yi. Na rungume kwamfutata kamar jaririn da na karɓa, na fito. Dusar ƙanƙara tana zuba, amma ranar ban ji sanyi ba. Goggo Mai Taba tana jira a waje, ta kama fuskata da hannuwanta masu warin taba ta sumbaci goshina.

Lawal ya rasa aikin, ya koma kan takalmansa. Ana gobe zan fara jarrabawa ya ƙwanƙwasa ƙofar Goggo, ya miƙo mini leda ba tare da ya shigo ba. Ragowar kuka ce da daddawa. Ya ce, "Kilishin dai ya riga ya tafi." Na ce na yafe kilishin. Na ci jarrabawata da sakamako mai kyau. Kafin in taho na zauna na rubuta abin da nake bukata na aiki ba tare da suna ko ɗaya ba, na goge muryoyin duka, na kuma saya wa Goggo sabuwar tukunya.

Da na dawo Daura, bayan an gama zuwa sannu da zuwa, na shiga wurin Inna Kulu. Ta riga ta je asibiti a Katsina kamar yadda na daɗe ina roƙonta, an yi mata aiki, ta warke har ta yi ƙiba. Na rufe ƙofa na ba ta labari tun daga farko, ban rage komai ba, har yadda na ɗora yatsa a kan lambar Sale. Tana jin an ambaci mijin waccan ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, alhali yana wata duniya.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Har ina aka ji?"

Na ce, "Iyakar gaisuwa, Inna."

"Ya durƙusa?"

"Ya durƙusa."

"Da takalmi?"

"Ya cire, a hannu ya riƙe."

Ta gyaɗa kai a hankali, na ga idonta ya kawo ruwa amma bakinta yana murmushi a bayan mayafin. Ta ce, "Yaran nan kullum sai su ce gaisuwata ta yi tsawo, ina cinye musu kati." Ta jawo ƙwaryar fura ta turo gabana. "Sha, 'yar Malam. In kin huta, akwai wata a bayan gidan nan da take son ganinki, ta ce ba ta yarda da waya ba."